Kati Goma Sha Tara da Jar Tawada

Talata, 4 ga wata

Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ina fatan kuma gwiwar nan ta sassauta maka. Ni ce ’yar ƙanwarka, wadda ka zaunar a barandarka ka sa ta haddace ƙa’idojin ba da magani tun kafin ta shiga makarantar likitanci. Na gabatar da kaina ne don shekara huɗu ke nan ban rubuto ba, kuma ba ni da wata hujja.

Na kira ka shekaranjiya, ka ce maganar magani ba a yin ta ta waya, in rubuto. To ga shi, zan ba direban motar safe ya kawo maka.

Umma tana kwance a asibitin da nake aiki, yau kwana shida. Zazzaɓi ne ya ƙi sauka kusan wata guda, ga kasala, ga rama. Mun ɗebi jininta sau uku kafin a ba ta komai, ɗakin gwaji ya gano ƙwayar cutar, hoton zuciya kuma ya nuna ta zauna a ɗaya daga ƙofofin zuciyarta. Abin da ya ɗan kwantar mana da hankali shi ne gwaji ya nuna fenisilin zai kashe ta.

Ana shirin sa mata ke nan sai Umma ta ce a miƙo mata jakarta. Ta zaro wani kati da ta naɗe a leda, ya tsufa har ya yi laushi kamar tsumma. An rubuta da jar tawada: “Kada a ba ta fenisilin ko danginsa. Haɗarin mutuwa.” A ƙasa ga sa hannunka da hatiminka.

Babban likitanmu ya ce ba zai tsallake katin da ma’aikacin lafiya ya sa wa hannu ba, mu kuma ba mu da kayan gwajin fata da ke nuna ko jiki zai ƙi maganin. Sai aka sa mata wasu biyu a madadinsa, bankomaisin da jentamaisin. Kawu, ka fi ni sanin abin da waɗannan biyun ke yi wa ƙoda da kunne, ga shi sati shida ake magana.

Na tambayi Umma me ya faru da ita lokacin. Ta ce ita dai ba ta tuna an taɓa yi mata allurar ba. “Yaya ne ya ce, in Yaya ya ce kuwa an gama.” Don haka nake tambayarka: me aka ba ta? Me ya fito mata, borin jini ne, ko kumburin fuska, ko sarƙewar numfashi? Bayan minti nawa? In abin mai sauƙi ne, babban likita ya ce layi biyu da sa hannunka sun ishe shi.

’Yarka,
Likita

*

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe goma da kwata na safe

Zuwa ga ’yata Likita,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarki ta iso jiya da ƙarfe biyar saura minti goma, bayan da direba ya ba ta masauki a aljihu ɗaya da makullansa, har kusurwarta ta yi baƙi. Lafiyata ƙalau gwargwadon shekaru. Gwiwa kuwa tana nan da ra’ayinta, mun daina gardama.

Ba sai kin gabatar da kanki ba. Kakanki na wajen uwa ɗan baffan mahaifina ne, mahaifiyarki kuma ta zauna a gidana shekara uku tana karatu. Labarin ciwonta ya girgiza ni. Allah Ya ba ta lafiya. Sai dai ina jan hankalinki cewa ba ki rubuta nauyinta ba, ba ki rubuta awon ƙodarta na ranar farko ba. Wanda ya yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin magani ba ya iya tunani babu waɗannan.

Na ji daɗi da kuka ɗebi jini kafin magani na farko ya shiga. Tun da kin ambaci baranda, bari in gwada ko abin da aka shuka a can yana raye. Ba a zaɓen maganin ƙwayoyin cuta sai an amsa tambayoyi. Wace ƙwaya ce, kuma me ke kashe ta? A ina ta zauna, kuma maganin yana kaiwa can? Wane irin jiki ne zai ɗauke shi, da shekarunsa da ƙodarsa da abin da ya taɓa yi masa illa? Nawa za a ba da, kuma bayan awa nawa? Har tsawon kwana nawa? In magunguna biyu sun amsa, ki ɗauki wanda ya nufi ƙwayar ita kaɗai, ki bar mai share gari duka.

Ba zan ɓoye miki ba, a duk abin da na taɓa ɗorawa a kantar magani babu wanda nake girmamawa kamar fenisilin da danginsa, waɗanda littattafai ke kira beta-laktam. Ƙwayar cuta tana gina wa kanta katanga. Su kuma ba sa yin komai sai hana magini ɗaure tubali da tubali, har katangar ta tsage, ƙwayar ta fashe. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan katanga, saboda haka maganin yakan ratsa mu bai sami abin rushewa ba. Wannan shi ne tausayinsa. Sharaɗinsa ɗaya, ba ya daɗewa a jini, sai an bi shi a kan lokaci, ba a jinkirta masa don nas tana waya.

Game da katin kuwa, rubutuna ne, hannuna ne, hatimina ne. Takardun wancan zamani ba sa wurina, kuma ba ɗabi’ata ba ce in ba da adadin mintuna daga ka. Abin da zan iya faɗa shi ne: abin da na gani da idona a makon da na rubuta shi, ba na fatan ki gan shi har ki bar aiki.

Ku riƙa auna ƙodarta kowane kwana biyu. Ki gaishe ta, ki ce Yayanta yana yi mata addu’a.

Kawunki,
tsohon mai haɗa magunguna

*

Asabar, 8 ga wata

Kawu,

Na samu, na gode. Lafiya lau nake, sai gajiya. Na karanta wa babban likita layin nan na abin da ka gani da idonka. Ya ce magana ta ƙare, wanda ya ga irin wannan ba a matsa masa. Ka yi haƙuri da na tono maka abin da ba ka son tunawa. Ban san Umma ta kai bakin kabari haka ba, ita kanta ba ta sani ba sai da na faɗa mata.

Za mu ci gaba da waɗancan biyun. Zazzaɓin yana sauka da safe, ya dawo da yamma. Nauyinta kilo hamsin da huɗu. Awon ƙoda ya ɗan hau, mun rage ma’auni. Umma ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana auna sukarin shayi da sikeli.

’Yarka

*

Litinin, 17 ga wata, bayan azahar

’Yata Likita,

Bayan sallama da fatan alheri. Yau kwana tara ban ji daga gare ki ba. Na je tasha sau uku da ƙafata. Aka ce direban ya koma wata hanya, wanda ya gaje shi kuma bai san da wata wasiƙa ba. Sau biyu na ɗauko wayar daga aljihun tebur, sau biyu na mayar.

Na sake karanta taki ta ranar takwas. Kin rubuta cewa mahaifiyarki ta kai bakin kabari. Ban rubuta haka ba. Ina da kwafin wasiƙata a gabana, na bi ta layi-layi da rula, kalmar ba ta ciki. Na fara rubuta miki gyara a ranar da na karanta, na yaga. Na sake, na yaga.

Ki sanar da ita cewa ba na auna sukari da sikeli, cokali ne mai awo, akwai bambanci.

Lafiyata babu laifi, sai dai hutun rana ya ƙaurace mini. Kin san ɗakin da ke ƙarshen baranda, wanda ba a buɗewa. Tsakanin azahar da la’asar rana takan shiga ta ƙasan ƙofarsa ta kwanta a siminti. A daidai wannan lokaci nake jin wata ’yar ƙara, kamar ana ƙwanƙwasa kwalba da farce. Na kira mai gyaran famfo, ya duba, ya ce bututu lafiyarsa ƙalau. Ban yarda da aikinsa ba.

Ina roƙonki abu ɗaya. Kowace safiya ki tsaya a bayanta, ki raɗa mata magana a kunnen dama, sannan a na hagu, ki ce ta maimaita. Kada ki jira sai ta yi ƙorafi. Mahaifiyarki ba ta ƙorafi.

Kawunki

*

Laraba, 19 ga wata

Kawu,

Ina gaisuwa. Ba direba ne ya riƙe wasiƙa ba, ni ce ban rubuta ba. Ban sami zama ba, kuma ban san me zan ce ba.

Umma ba ta da sauƙi. Jinin da muka sake ɗiba ya nuna ƙwayar tana nan. Fitsari ya ragu, ƙafafu sun kumbura. Raɗar da ka ce in yi mata, na yi ta yau da safe. Ta hagu ba ta ji komai ba. Mun dakatar da jentamaisin, amma ɗayan shi kaɗai ba ya cin ƙarfinta, ƙodar kuma ba ta ɗaukarsa.

Yau da rana ina gyara mata robar ƙarin ruwa sai ta ce, “Wai wa ke buga ƙarfe a asibitin nan tun safe?” Na ce babu kowa, Umma, kunnenki ne. Sai ta kama hannuna. Ta ce, “Haka Lauya ta ce.”

Ni dai abin da na sani game da Lauya shi ne ’yarka ce, ta rasu tana shekara shida, kuma ba a ambatonta a gabanka. Umma ta ce saboda gardamarta aka sa mata sunan, ko wanka za a yi mata sai an kawo hujja. Ta ce ciwon huhu ne ya kama ta, ka ƙi a kwantar da ita a asibiti don ba ka yarda da tsabtar ɗakin yara ba, ka kawo komai gida. Ta ce ranar da yarinyar ta rasu ita ce ta riƙe mata hannu. Na ce, Umma, ƙafa dai ko, don a yi mata allura a tsoka? Ta ce, “Hannu. Inda aka sa robar ruwa. Maganin fari ne kamar madara, ina kallo yana tafiya a cikin robar.”

Na sa ta maimaita sau uku, har ta ce ko ni ce kurmar.

Kawu, ban zo da rashin kunya ba. Kai ne ka fara nuna mini kwalabe biyu a barandar nan, ɗaya garau kamar ruwa, ɗaya fara mai kauri, ka ce ta farko tana bin jijiya, ta biyu tsoka kaɗai, ko da za a sa mini wuƙa a wuya. Kuma tambayoyin da ka koya mini shida ne. A wasiƙarka na ƙirga biyar. Ka bar wadda ka fi nanatawa: ta wace hanya zai shiga? Mutumin da ke bin wasiƙarsa da rula ba ya mantuwa irin wannan.

Ka kuma san cewa borin fenisilin ba gado ba ne da za a raba wa dangi. Sai yanzu na tuna Goggo ma tana da irin katin, haka Baffa Ƙarami.

Ba na tambayar abin da ya sami Lauya, wannan tsakaninka da Allah ne. Tambayata ɗaya ce: an taɓa yi wa Umma allurar fenisilin jikinta ya ƙi? E ko a’a. Na tura wannan ta wayar maƙwabciyarka malamar makaranta don ta kai maka yau. In ka amsa, ta ɗauki hoton takardar ta turo, babban likita ya ce zai karɓa kafin ta asali ta iso. Ba mu da sati guda, Kawu.

’Yarka

*

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma

Zuwa ga Babban Likita,

Ni, wanda ya sa hannu a katin da ke wurin majiyyaciyarku, ina shaida cewa a iyakar sanina ba a taɓa ba ta fenisilin ba, balle ya yi mata illa. Babu kuma wani a danginta da na taɓa ganin ya yi borin wannan magani. Katin ba shi da tushe. Na janye shi, kuma alhakin rubuta shi yana wuyana ni kaɗai. Ga sa hannuna da hatimina, ku gwada da na katin.

*

’Yata,

Amsar ita ce a’a. Na riga na ba malama takardar da ke sama, ta tura. Wannan ta biyun taki ce, za ta zo ta mota. Kin ce ba kya tambaya, amma wanda ya ba da rabin bayani a takardar magani ya fi wanda bai rubuta komai ba haɗari.

Shekara arba’in da huɗu ke nan. Kwana huɗu ina ba ta mai garau ɗin ta jijiya, kuma tana samun sauƙi, ki lura da wannan, tana samun sauƙi. A rana ta biyar ya ƙare a ɗakin magani, ba a kawo sabo ba. Abin da ya rage a kantar magani sai farin, na tsoka. Na yi mata ɗaya da safe a mazauni. Kin san kaurinsa, kin san girman allurarsa. Ta yi kuka har muryarta ta dishe.

Washegari bayan azahar na shigo da kwalbar. Na ƙwanƙwasa ta da farce don garin ya tashi daga ƙasa, kamar yadda ake yi. Tana jin ƙarar ta ja jikinta bango. Ba ta yi kuka ba, sai ta buɗe shari’a. Ta ce, “Baba, ba ga hanya nan a hannuna ba? Me ya sa sai ka huda wata?” Na ce wannan maganin ba ya bin nan. Ta ce, “Sunansu ba ɗaya ba ne?” Na ce ɗaya ne. Ta ce, “To?”

Na san abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Ni nake karanta wa sababbin ma’aikata shi. Amma na ce a raina, in na sirka shi da ruwa sosai, na tura a hankali ƙwarai, zai wuce. Na ɗauka cewa taka-tsantsan ɗina ya fi gargaɗin da aka rubuta wa gama-garin mutane. Ba gajiya ba ce, ba duhu ba ne, ban ɗauki wata kwalba a madadin wata ba. Rana tana kan siminti, idona biyu. Na ce wa mahaifiyarki ta riƙe mata hannu.

Ban kai rabin sirinji ba ta ce, “Baba, wa ke buga ƙarfe?” Ta zaro ido tana kallon bayana kamar wani ya shigo. Sai jijjiga. Kafin mahaifiyarta ta iso daga kicin an gama. Babu borin jini, babu kumburin leɓe, babu shaƙewa. Fatarta sumul. Na duba, don ina neman ko ɗigo ɗaya da zan jingina da shi.

Likitan da ya zo abokin aikina ne. Ya tambaye ni me aka ba ta, na ce fenisilin. Ya girgiza kai ya ce, “Bori ne.” Bai tambayi hanya ba, domin wa zai tambayi wanda ake kira Malam Sikeli hanya? Ni kuma ban gyara masa ba. Ni da nake mayar da takardar likita saboda ɗigo ɗaya.

A rana ta uku maiɗakina ta tambaye ni ko abin zai iya kama sauran yaran. Da na ce a’a, da ta ci gaba da tambaya. Sai na ce yana bin jini. Kafin masu zaman makoki su watse maganar ta zaga, dangi suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana so in rubuta masa kariya. Na sayo kati da jar tawada. Goma sha tara na rubuta a mako ɗaya, ana yi mini godiya, ana sa mini albarka. Mahaifiyarki ce ta huɗu. Maiɗakina ta riƙe nata shekara talatin, ta rasu tana ganin na tsare mata iyali.

Layin nan na abin da na gani da idona kuwa, ba ki yi kuskuren karatu ba. Na auna shi ne don ki fahimce shi yadda kika fahimta, ni kuma in ce ban yi ƙarya ba. Kwana goma sha uku ke nan daga ranar da ya kamata in rubuta miki a’a. Duk abin da ya sami kunnenta da ƙodarta a cikinsu, ki rubuta shi da sunana.

Ku fara da ɗan kaɗan, adirenalin, maganin gaggawa na bori, yana kan tebur, kina tsaye a kanta. Ba don kati ba, don haka ake yi wa kowa da ba a san tarihinsa ba. In kin ga dama ki karanta mata wannan. In ba ki ga dama ba, ba ni da bakin magana.

Kawunki, in har yanzu sunan ya halatta

*

Lahadi, 30 ga wata

Kawu,

Sunan ya halatta. Muna gaisuwa, muna fatan gwiwa da sauƙi.

A ranar da hoton ya iso muka fara, kaɗan-kaɗan, ina tsaye da agogo a hannu. Ko ƙaiƙayi ba ta yi ba. Yanzu tana karɓa ta jijiya, mai garau ɗin, kowace awa huɗu, kuma ba a jinkirta masa. Zazzaɓi ya sauka a kwana na uku bai dawo ba. Jini biyu a jere sun fito babu ƙwaya. Ƙodar tana farfaɗowa a hankali. Kunnen hagu ya tafi, likitan kunne ya ce kada mu sa rai. Na dama ya rage rabi.

Na yi kwana biyar da wasiƙarka a aljihun rigar aikina ina fushi da kai. Har yanzu da saura, ba zan ɓoye maka ba. Da na yanke shawarar karanta mata, sai na ga sai na ɗaga murya duk ɗakin ya ji. Sai na miƙa mata ta karanta da kanta. Ta karanta sau biyu, ta juya fuskarta bango har la’asar. Daga baya ta ce a ba ta biro. Ga tata nan a ciki, ban buɗe ba.

’Yarka

*

Yaya Malam Sikeli,

Ina gaishe ka. Rubutun nan a kwance na yi shi, in ka ga ya karkace kada ka ɗauko rula.

Na karanta. Ni ma ina da tawa da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar nan da Lauya ta fara fizge-fizge, na danne ta da ƙarfina duka, don ka ce in riƙe. Na sa gwiwata a kafaɗarta. Da ta daina motsi sai na ɗauka ni ce na toshe mata numfashi. Shekarata goma sha huɗu. Da ka ba ni katin nan ka ce maganin ne, sai na riƙe shi kamar takardar sakin fursuna. Ba tsoron allura ya sa nake yawo da shi ba, Yaya. Duk lokacin da abin ya taso mini sai in ciro shi in karanta, in ce ai ga shi Yaya ya rubuta, ba ni ba ce. Amma ban taɓa yarda har zuci ba, don na san ba a taɓa yi mini allurar ba, kuma ga shi ka rubuta kamar an yi. Na ce watakila rufa mini asiri ka yi.

Ashe muna gida ɗaya, kowa yana ɗauke da yarinyar nan shi kaɗai.

Kunne ya tafi, ba zan ce ban ji ciwo ba. Amma wasiƙarka ce farkon abin da ya ce mini ba ni ba ce, kuma na yarda. Da ka faɗa tun tuni, da na yi barci mai daɗi shekara arba’in, kai ma watakila. Yafiyar Lauya da ta uwarta ba a hannuna take ba. Tawa na ba ka. In ka zo ka zauna ta dama, kuma ka ɗaga murya, ka daina maganar nan taka ta cikin hanci.

Ga katinka na mayar maka. Saura goma sha takwas.

Ƙanwarka

*

Laraba, 3 ga wata, tsakanin azahar da la’asar

Ƙanwata, da ’yata Likita,

Assalamu alaikum. Saƙonku ya iso, da katin. Na gode wa Allah da saukar zazzaɓin. Ƙanwata, ban san da gwiwar da kika sa a kafaɗarta ba. Ina tsaye a ɗakin, kuma ban gani ba. Ba ni da kalmar da ta kai nauyin wannan, kuma ba zan sa wadda ba ta kai ba.

Lissafinki yana buƙatar gyara kaɗan. Cikin goma sha takwas, biyar sun rasu. Na maiɗakina yana cikin akwatinta, na ciro shi. Huɗu ban san abin da aka hana su a ciwonsu na ƙarshe ba. Wanda ya fi tsaya mini shi ne ƙanena, da gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa a wani asibiti mai nisa. Ba ni da hanyar sani yanzu.

Goma sha uku suna raye. Na rubuta wa kowannensu da hannuna, da dalilin a fili, ba a taƙaice ba. Na gaya musu kada kowa ya yanke wa kansa hukunci, ya kai wasiƙar wurin likitansa. Na kuma roƙe su sunayen ’ya’ya da jikokin da aka gaya wa da baki cewa jinin gidanmu ba ya karɓar fenisilin, domin na gane katin ya haihu. Goggon Likita ta riga ta amsa ta wayar malama. Ba zan maimaita abin da ta kira ni ba, amma babu kuskure a ciki.

Likita, ki ƙara tambaya ta shida a inda na cire ta.

Zan zo ranar Asabar da motar safe, in gwiwa ta yarda, in ma ba ta yarda ba. Zan zauna ta dama.

Ina rubuta wannan ne a ɗakin ƙarshen baranda. Na buɗe shi shekaranjiya, na share, na kawo kujera. Rana tana kan siminti, daidai inda gadon yake a da. Ƙarar tana nan. Na aika wa mai gyaran famfo cewa aikinsa ba shi da laifi.

Yayanki, kuma Kawunki